Wa Zai Tsaya wa Saba? Zaɓin Takardar Shaidar Tsaro ga Sabobin Hira a Aboabo

Kusan duk mu'amalar da ake yi a kasuwar Aboabo da ke Tamale, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Ghana, tana bi ta cikin waya kafin ta kai ga hannu, domin farashin buhun masara da na waken suya, da labarin motar da ta taso da doya ko kaɗanya, da lambar da za a tura wa kuɗi, da lissafin 'yan adashi, duk a saƙon hira ake aika su, kuma mafi yawansu ta WhatsApp suke wucewa. Amma akwai ƙungiyoyi da cibiyoyi, kamar ƙungiyar 'yan hatsi ko makarantar Islamiyya ko ƙaramin asibiti ko kamfanin sufuri, waɗanda buƙata kan kai su ga tunanin mallakar tasu sabar hira, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin membobi ta adana su ta kuma miƙa su ga waɗanda aka aika wa, domin kada sirrinsu ya dogara kacokan ga wani kamfani da ke wata ƙasa. Duk wanda ya kama wannan hanya zai ci karo da tambaya guda tun ranar farko, saboda manhajar hira ta zamani ba ta haɗuwa da saba cikin natsuwa sai sabar ta gabatar da takardar shaidar tsaro, kuma ta hanyoyi uku ake samun wannan takarda: ko mai sabar ya ƙirƙire ta ya sa mata hannu da kansa, ko ya karɓe ta kyauta daga wata hukuma, ko ya saye ta da kuɗi. Galibi akan ɗauki tambayar a matsayin ta farashi, a yi zaton mai tsada ta fi ƙarfi, alhali bambancin da ke tsakanin ukun yana kan wanda ya tsaya wa sabar, da kuma wanda zai riƙa sabunta takardar kafin wa'adinta ya cika.

Ba za a gane wannan ba sai an san aikin da takardar take yi. Tsarin da ke kare saƙo tsakanin waya da saba shi ake kira TLS, wanda ya samo asali daga SSL da kamfanin Netscape na Amurka ya fitar a shekarar 1995, aka sake masa suna da fasali a 1999, sannan aka fitar da sigarsa ta 1.3 a 2018. Tsarin yana da ayyuka biyu da suka bambanta ko da yake tare suke tafiya. Na farko shi ne kulle saƙo ta hanyar lissafi yadda duk wanda ya tsince shi a hanya, ko kamfanin layi ne ko mai rarraba wayifai, ba zai ga komai ba sai tarkacen haruffa, na biyu kuma shi ne tabbatar wa waya cewa sabar da take magana da ita ita ce ta ainihi. Kowace saba tana da mabuɗi biyu da lissafi ya ɗaure su da juna, ɗaya na sirri wanda ba ya barin cikinta, ɗaya na fili wanda ake nuna wa kowa, takardar shaida kuwa ƙaramin fayil ne mai ɗauke da sunan sabar a intanet, da mabuɗinta na fili, da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, da sa hannun wanda ya shaida cewa wannan mabuɗi na mai wannan suna ne. Ƙarfin kullen bai dogara da wanda ya sa hannun ba, saboda haka takardar da aka ƙirƙira a wani shago a Aboabo cikin 'yan daƙiƙoƙi da wadda aka biya ɗaruruwan daloli a kanta kulle iri ɗaya suke samarwa matuƙar an saita sabar daidai. Aiki na biyu ne kaɗai ya raba su, kuma shi ne mai wuyar, domin saƙon da aka kulle da kyau aka damƙa wa wanda ya yi shigar saba bai tsira daga komai ba.

Matsalar tabbatar da baƙo tsohuwa ce ga al'ummar da ta kafa zangonni daga ƙasar Hausa har zuwa Salaga da Kumasi a kan fataucin goro. Falken da ya isa garin da ba a san shi ba yakan sauka ne wajen maigida, wanda zai ba shi masauki ya kuma tsaya masa a gaban masu saye da sayarwa, har a ba shi kaya bashi saboda an san maigidan, an kuma san cewa mutuncinsa da sana'arsa za su zube idan ya tsaya wa mayaudari. Wannan matsayi hukumomin bayar da shaida suke riƙewa a intanet. Kowace waya da kowace kwamfuta tana zuwa da jerin takardun tushe fiye da ɗari, na hukumomin da kamfanoni irin su Google da Apple da Microsoft da Mozilla suka tantance suka amince da su, kuma idan saba ta gabatar da takardarta sai wayar ta bi sa hannun daki-daki, daga takardar sabar zuwa ta hukumar da ke tsakiya har zuwa ta tushe. In ta iske tushen a jerinta sai ta ci gaba ba tare da ta ce wa mai ita komai ba, in ba ta iske shi ba sai ta tsaya ta nuna gargaɗi.

Sabobin hira suna da wata siffa da ta sa wannan batu ya fi yi musu nauyi fiye da shafukan intanet na yau da kullum. Tsarin XMPP, wanda Jeremie Miller ya fitar a 1999 da sunan Jabber kuma aka mayar da shi ƙa'idar intanet a 2004, da tsarin Matrix da ya bayyana a 2014, duk an gina su ne a kan haɗakar sabobi kamar yadda imel yake, yadda mai asusu a sabar Tamale zai iya aika saƙo ga mai asusu a wata saba a Kano ko Yamai ba tare da sun kasance ƙarƙashin kamfani ɗaya ba. Ke nan takardar saba tana da masu duba ta iri biyu, wayoyin membobi da kuma sauran sabobin duniya, waɗannan na biyun kuwa na'urori ne da ba za a iya roƙon su su yi haƙuri su danna maɓallin amincewa ba. A watan Mayun 2014 masu gudanar da sabobin XMPP da dama suka fara aiki da yarjejeniyar daina karɓar duk wata haɗuwa da ba a kulle ba, tun daga nan kuma manhajojin saba irin su Prosody da ejabberd suka riƙa ƙara tsananta binciken takarda, a ɓangaren Matrix kuwa fitowar manhajar saba Synapse 1.0 a Yunin 2019 ta kawo ƙarshen karɓar takardun da masu su suka sa wa kansu hannu a tsakanin sabobi. Sabar da ba ta da mai tsaya mata a yau tana iya wayar gari ta ga ta zama ita kaɗai, membobinta suna hira da juna amma saƙonsu ba ya fita.

Takardar da mutum ya sa wa kansa hannu ita ce mafi sauƙin samu, ba ta buƙatar kuɗi ko rajista ko ma intanet, kuma mai ita yana iya ba ta wa'adin shekara goma in ya ga dama. Sai dai abin da take gaya wa waya bai wuce cewa sabar ta shaidi kanta ba. Abin da mai amfani zai gani shi ne allon gargaɗi da Turanci mai cewa ba a amince da takardar ba, a ƙarƙashinsa jerin haruffa da lambobi 64 da ake kira zanen yatsan takarda, sai maɓalli biyu, na ci gaba da na fasawa. A ƙa'ida, mutum zai kwatanta wannan jeri harafi da harafi da wanda mai kula da sabar ya ba shi hannu da hannu, in sun yi daidai ya amince sau ɗaya manhajar ta riƙe, duk ranar da takardar ta sauya kuma ta sake tsayar da shi. Idan aka bi wannan hanya yadda ya kamata tana da ƙarfi ƙwarai, har ta wata fuska ta fi dogaro da hukumomin waje, tunda babu wani na uku da za a iya yaudara ko a tilasta masa. Amma 'yar kasuwar da ke auna gyaɗa, ga masu saye a tsaye a kanta, ga waya mai fasasshen gilashi a hannu ɗaya, ba za ta karanta haruffa 64 ba, za ta danna ci gaba ne domin an ce mata haka ake yi.

A nan ɓarnar take, kuma ta fi girman abin da masu harkar kwamfuta suka saba lissafawa. Mai sabar ya koya wa mutanensa da bakinsa cewa gargaɗin tsaro abu ne da ake dannawa a wuce, saboda haka ranar da wani ya kafa wayifai na yaudara kusa da tashar mota ya gabatar da tasa takardar jabu, allon da zai fito daidai yake da na kullum, hannu kuwa ya riga ya san inda zai taɓa. Wannan ɗabi'a ba ta tsayawa a manhajar hira, tana bin mutum har zuwa shafin banki da saƙonnin kuɗin waya, a ƙasar da MTN ta fara Mobile Money tun 2009 kuma jarin mutane da yawa a cikin layinsu yake kwana. Wanda ya rarraba wa jama'a saba mai irin wannan takarda domin ya huta da ɗawainiyar rabin yini ya ɗora wa waɗanda suka amince da shi haɗarin da ba su san sun ɗauka ba.

Duk da haka akwai wurin da wannan takarda ta dace, har ma babu wani zaɓi sai ita. Idan sabar tana aiki ne a cikin gida kawai, kamar a asibiti mai kwamfutoci goma da aka haɗa da juna, ko ɗakin kwamfuta na makaranta, ba ta da suna a intanet kuma ba a shiga ta daga waje, hukumomin duniya ba za su ba ta takarda ba, domin tun Nuwamban 2015 aka hana su bayar da shaida ga sunayen cikin gida waɗanda ba wanda zai iya tabbatar da mallakarsu. Abin da ya fi a irin wannan hali shi ne cibiyar ta kafa ƙaramar hukumar kanta, ta ƙirƙiri takardar tushe guda, ta shigar da ita a kowace na'ura da hannu, sannan ta riƙa sa wa takardun sabobinta hannu da ita, yadda gargaɗi ba zai fito ba sai in da gaske akwai matsala. Sharaɗin shi ne na'urorin su kasance ƙarƙashin ikon mai kula, kuma a ajiye mabuɗin tushen a wurin da ba ya haɗe da intanet, domin wanda ya sace shi yana iya yi wa waɗannan na'urori ƙarya da sunan kowane shafi a duniya. Wayoyin membobi kuwa ba su cika shiga wannan tsari cikin sauƙi ba, saboda tun daga Android 7 da ya fito a 2016 manhajoji ba sa amincewa da tushen da mai waya ya ƙara da kansa sai in mai rubuta manhajar ya buɗe wannan ƙofa.

Takardar kuɗi ta daɗe ita ce kaɗai hanyar samun mai tsayawa, kuma Afirka tana da hannu a farkon kasuwarta, domin kamfanin Thawte da Mark Shuttleworth ya kafa a birnin Cape Town a 1995 ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar da ita kafin VeriSign ta saye shi a ƙarshen 1999, kuma da wannan dukiya ce daga baya ya ɗauki nauyin Ubuntu, tsarin da sabobi da dama ke gudana a kansa a yau. Masu sayarwa sun kasa kayansu mataki uku: na ƙasa shi ne a tabbatar cewa mai nema yana da iko a kan sunan sabar kawai, na tsakiya a duba rajistar kamfani a rubuta sunansa a cikin takardar, na sama kuma a yi bincike mai zurfi wanda a da yake sa burauza ta nuna sunan kamfani da koren launi. A 2019 Chrome da Firefox suka cire wannan alama daga inda ake rubuta adireshi, bayan bincike ya nuna cewa ba ta sauya halin masu amfani, manhajojin hira kuwa dama can ba su saba nuna ta ba. Ƙungiyar da ta biya kuɗin mataki na sama domin sabar hira ta sayi abin da membobinta ba za su taɓa gani ba, wadda ta sayi na ƙasa kuma ta biya kuɗin binciken da ake yi kyauta a wani wuri. Kuɗin ma da dala ake biyansa ta katin banki mai aiki a ƙasashen waje, shekara bayan shekara, duk wanda ya ga yadda darajar sidi ta faɗi a 2022 kuwa ya san abin da hakan ke yi wa asusun ƙaramar ƙungiya.

Akwai hujjar da ta fi ta farashi nauyi, wadda tallan masu sayarwa ba ya ambata. Waya tana amincewa da dukkan hukumomin da ke jerinta daidai wa daida, saboda haka sayen takarda daga mafi tsada ba ya hana wata hukuma mai rauni ta ba ɗan damfara takarda da sunan sabar. A 2011 aka kutsa cikin kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan aka fitar da takardun jabu fiye da 500, ciki har da ta Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen asirin masu amfani da intanet a Iran, kafin watan Satumba ya ƙare kuma kamfanin ya durƙushe. Google ba abokin cinikin DigiNotar ba ne, amma hakan bai kare shi ba. Symantec, wanda yake cikin mafi girma a wannan kasuwa, ya rasa amincewar manyan burauzoji a 2018 bayan an samu kurakurai a yadda ake bayar da takardunsa, haka kuma Chrome ta daina amincewa da sababbin takardun Entrust daga Nuwamban 2024. Ɓangaren kyauta ma bai kuɓuta ba, domin StartCom, wanda masu ƙananan sabobin hira suka daɗe suna dogaro da shi, ya rasa amincewar Mozilla a 2016, CAcert kuwa, wata ƙungiyar sa kai da ta taso daga Ostireliya, ba ta taɓa samun shiga jerin manyan burauzoji ba.

Abin da ya sauya lissafin baki ɗaya shi ne zuwan Let's Encrypt, hukumar da wata ƙungiya marar neman riba mai suna ISRG ta kafa da haɗin gwiwar Mozilla da EFF da Jami'ar Michigan, wadda ta buɗe wa jama'a ƙofa a Disamban 2015 kuma ta kai takarda biliyan ɗaya a Fabrairun 2020. Muhimmancinta bai tsaya ga cire farashi ba, domin ta zo da tsarin ACME, wanda aka mayar ƙa'idar intanet a 2019, inda wata ƙaramar manhaja a cikin sabar, kamar Certbot, take neman takarda da kanta, hukumar ta ba ta wata lamba ta ce ta ajiye ta a wurin da mai sunan kaɗai zai iya ajiyewa, ta duba ta gani, sannan ta sa hannu, duk cikin ƙasa da minti ɗaya. An fara da wa'adin kwana 90 da gangan, domin takardar da aka sace mabuɗinta ta mutu da wuri, kuma domin a tilasta wa masu sabobi su bar na'ura ta riƙa sabuntawa maimakon su dogara da tunawar ɗan Adam. Ga sabar da wayoyin jama'a za su riƙa shiga, ko wadda za ta yi magana da wasu sabobi, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da Aboabo, kuma wasu manhajojin saba irin su Snikket suna yin aikin da kansu tun daga kafawa.

Amma kyauta ba ta ɗauke ɗawainiya, kuma a Tamale ɗawainiyar tana da nata kamanni. Dole ne da farko a mallaki suna a intanet, ko a ƙarƙashin .gh ko wani, wanda shi ana biyansa duk shekara. Sannan hanyar tantancewa da aka fi sani tana buƙatar hukumar ta iya isowa sabar daga waje, alhali wanda ya haɗa sabarsa da layin waya yawanci ba shi da adireshin intanet nasa na kansa, kamfanin layi ya haɗa shi da ɗaruruwan mutane a bayan adireshi ɗaya. Mafita ita ce ko a yi hayar saba a cibiyar adana bayanai, ko a bi hanyar tantancewa ta biyu, inda ake ajiye lambar a cikin bayanan DNS, wato kundin da ke fassara sunaye zuwa adireshi, hanyar da har sabar cikin gida ma za ta iya samun takarda da ita matuƙar tana da suna na gaske. Akwai kuma kurakurai biyu da suke yawan kayar da masu farawa: a XMPP takardar dole ta ɗauki sunan da ke cikin adireshin membobi, tare da ƙananan sunayen ɗakunan hirar rukuni da na loda hotuna, ko da kuwa na'urar da sabar ke kai tana da wani suna dabam, sannan bayan kowace sabuntawa dole a sa manhajar sabar ta ɗauki sabuwar takardar, in ba haka ba za ta ci gaba da nuna tsohuwa har ta mutu alhali sabuwa tana ajiye a gefe.

Wuta da layi su ma suna da tasirinsu. Takarda tana aiki ne da kwanan wata, saboda haka wayar da batirinta ya mutu ko aka cire shi ta koma wata tsohuwar shekara za ta ƙi takarda mai kyau, tana ganin lokacinta bai yi ba, mai gyaran waya da ya san wannan kuwa agogo yake fara dubawa kafin ya buɗe komai. Ƙananan kwamfutoci irin Raspberry Pi, waɗanda masu ƙaramin ƙarfi ke son yin saba da su, akasarinsu ba su da agogo mai batir, idan wuta ta ɗauke ta dawo kafin layi ya dawo sai su tashi da lokacin da ba daidai ba su riƙa ƙin takardun sauran sabobi. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gabar Afirka ta Yamma, Ghana ta kwashe kwanaki cikin matsalar layi, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Sabar da aka saita ta riƙa sabuntawa tun saura kwana 30 tana da sararin da za ta jira irin wannan ya wuce, wadda ake bari sai ranar ƙarshe kuwa za ta rufe a daidai lokacin da aka fi buƙatar hanyar sadarwa ta cikin gari.

Batun tsofaffin wayoyi shi ne wurin da hujjar takardar kyauta ta fi rauni, kuma ya cancanci a tsaya a kansa a garin da ake sayen wayoyi 'yan hannu ana gyara su har sai sun gagara. Let's Encrypt ta fara aiki ne da aron amincewar wata tsohuwar hukuma mai suna IdenTrust, wadda tushenta ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2021, aka samu dabarar da ta tsawaita wa wayoyin Android lokaci zuwa Satumban 2024, daga nan kuma wayoyin da tsarinsu bai kai 7.1.1 ba suka daina gane takardunta, sai a manhajojin da ke ɗauke da nasu jerin tushe. Idan irin waɗannan wayoyi suna da yawa a cikin membobi, neman takarda daga hukumar da tushenta ya daɗe a cikin wayoyi, ko ta kuɗi ce ko ta kyauta, yana da ma'ana, kuma hanyar sanin gaskiya ita ce a tattaro mafi tsufan wayoyin ƙungiyar a gwada su kafin a yanke shawara. Bayan wannan, dalilan sayen takarda da suka rage ƙalilan ne, kamar banki ko hukumar gwamnati ta sharɗanta ta a yarjejeniya, ko cibiyar tana son wanda za ta kira idan abu ya lalace.

Ɗaya fa'idar da takardar kuɗi ta daɗe tana tinƙaho da ita, wato dogon wa'adi, tana gushewa. A Satumban 2020 aka taƙaita wa'adin kowace takarda ta jama'a zuwa kwana 398, sannan a Afrilun 2025 majalisar da ta haɗa hukumomin shaida da masu burauza ta amince a rage shi zuwa kwana 200 daga Maris 2026, kwana 100 daga Maris 2027, da kwana 47 daga Maris 2029. Wanda ya biya kuɗi ma dole ne ya miƙa sabuntawa ga na'ura. Ƙa'idojin kuma ba a tsaye suke ba, domin a Yunin 2025 Let's Encrypt ta daina aika imel ɗin tunatarwa kafin takarda ta ƙare, a wannan shekarar kuma ta sanar cewa a 2026 takardunta za su daina ɗaukar alamar da ke ba saba damar gabatar da kanta a matsayin mai kira, abin da ya shafi yadda sabobin XMPP ke tantance juna kuma ya sa sabunta manhajar saba ya zama wajibi.

Labarin sabar jabber.ru ya nuna iyakar abin da takarda za ta iya yi, ko daga ina ta fito. A Oktoban 2023 masu gudanar da wannan sabar hira ta Rasha, wadda na'urorinta ke zaune a Jamus, suka gano cewa an yi watanni ana karkatar da saƙonnin membobinsu ta wata na'ura da aka saka a tsakiya, kuma wanda ya yi aikin ya samu sahihan takardu daga Let's Encrypt da sunan sabar, tunda yana da iko a kan hanyar da hukumar ke bi ta tantance. Wayoyin membobi ba su nuna gargaɗi ba, asirin bai tonu ba sai da ɗaya daga cikin takardun ta ƙare ba a sabunta ta ba. Takardar kuɗi ba za ta hana wannan ba. Abin da zai taimaka shi ne sa ido a kundin bayyana takardu, wanda Chrome ta wajabta tun 2018 kuma ake rubuta duk takardar da aka bayar a cikinsa kowa ya gani, yadda mai saba zai samu sanarwa idan aka fitar da takarda da sunansa ba da saninsa ba, da kuma rubuta bayanin CAA a cikin DNS, wanda tun Satumban 2017 ya zama dole hukumomi su duba shi su ga ko an ba su izinin bayar da takarda ga wannan suna, har ana iya taƙaita izinin ga asusu ɗaya tak.

Takarda kuma tana kare saƙo ne a kan hanya kawai, idan ya isa saba a buɗe yake ga mai kula da ita, sai fa in an kunna kullen da ke tafiya daga waya zuwa waya, kamar OMEMO a XMPP, irin wanda WhatsApp ta kammala sa wa dukkan masu amfani da ita a Afrilun 2016. Ƙungiyar da ta bar WhatsApp ta koma sabar kanta ba tare da wannan ba tana iya zama ta rage wa membobinta sirri ba ta sani ba, ga shi kuma Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin yin rajista da ɗaukar matakan tsaro da suka dace.

Tunda hukumomi suna ba da takarda ga duk wanda ya nuna iko a kan suna, asusun da aka yi rajistar sunan da shi ya fi takardar kanta muhimmanci. A garin da ke da Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka kafa a 1992, da Jami'ar Fasaha ta Tamale, samun matashin da zai kafa saba ba shi da wuya, amma matashin yana iya kammala karatu a tura shi hidimar ƙasa a wani yanki ko ya samu aiki a Accra, ya tafi da imel ɗin da aka yi rajista da shi da kalmar sirrinsa. Saboda haka ya kamata a yi rajistar sunan da sunan ƙungiya da imel ɗinta, a rubuta ranar biyan kuɗinsa a littafin taro kusa da ranar biyan hayar ofis, mutum biyu aƙalla, kamar sakatare da ma'aji, su san inda aka ajiye kalmomin sirri, kuma a ɗora wa wani takamaimai alhakin buɗe manhajar sau ɗaya a mako ya duba kwanakin da suka rage wa takardar.